A32NX na FlyByWire: jirgin da ke tona yadda ake zaɓen masu gwaji

Duk lokacin da wani kamfani ya sanar cewa sabon jirginsa ya shiga gwajin beta, tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakanin masu tuƙin jirgi a kwamfuta: su wane ne waɗannan da suka samu jirgin tun bai fito ba, kuma da me suka fi sauran mutane? Wasu na ganin sanayya ce. Wasu na ganin sai wanda ya tara dubban awanni a sama, ko mai tarin mabiya a YouTube. Sanayya tana da nata gurbin, ba a musu. Amma abin da ya fi buɗe ƙofar nan ba shi da armashi ko kaɗan: mutum ya iya sa matsala ta sake aukuwa da gangan, sannan ya rubuta ta yadda wanda bai gani da idonsa ba zai bi sawu har ya same ta. A32NX na ƙungiyar FlyByWire Simulations ya dace a auna wannan magana a kansa, domin yana cikin 'yan ƙalilan ɗin manyan jiragen ƙari da ake ɗinkawa a bainar jama'a, tun daga rubutun manhaja har zuwa rahoton mai gwaji.

Jirgin kwaikwayon Airbus A320neo ne, samfurin A320-251N mai injinan CFM LEAP-1A, kuma a kan Microsoft Flight Simulator ake ɗora shi, wato manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi da masu harkar ke kira simuleta. Ya fara ne a 2020, jim kaɗan bayan fitowar simuletar a watan Agusta, a matsayin kwaskwarima ga A320neo ɗin da kamfanin Asobo ya saka a ciki. Sannu a hankali aka yi ta cire kayan Asobo ana dasa sababbi: tsarin da kwamfuta ke sarrafa fikafikai, otofailot, kwamfutar tsara hanya, lantarki, haidurolik. Kyauta ne, rubutun manhajarsa a buɗe yake a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, ƙarƙashin lasisin GPL mai ba kowa damar dubawa da gyarawa, kuma a kwamfuta yake aiki. A ɗakin matuƙi akwai allon hannu mai suna flyPad, inda ake loda mai da fasinjoji, a saita totur, a jawo tsarin tafiya daga SimBrief, shafin intanet mai tsara hanyar jirgi da lissafin mai. Akwai kuma ƙaramar manhaja ta gefe, SimBridge, wadda ke zana tsaunuka a allon hanya kuma take ba ka damar buɗe MCDU, wato allon da matuƙi ke shigar da bayanai a kwamfutar tsara hanya, a waya ko wani allo daban. Manhajar girkawa tana ba ka zaɓi tsakanin zubi biyu. Stable shi ne wanda aka daskarar, ake fitarwa jefi-jefi. Development kuwa ana sake gina shi duk lokacin da aka shigar da sabon gyara. A tsakanin waɗannan zubi biyu duk labarin gwaji yake.

Bayan rufaffiyar ƙofa

Kamfanonin da ke sayar da jiragensu, irin su PMDG mai Boeing 737 da 777, ko Fenix Simulations da ya fitar da nasa A320 a watan Mayun 2022, a rufe suke gwajinsu. Ana ɗaukar mutane ƙalilan, su sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, kuma ba a ganin komai sai hotunan da kamfani ya yarda a saki. Misalin zaɓe da ya fi fitowa fili shi ne na Microsoft da kansa, lokacin gwajin alfa, wato gwajin farko, na simuletar daga 2019 zuwa 2020: mai so ya yi rajista, ya amsa tambayoyi, ya tura fayil ɗin DxDiag mai nuna ƙarfin kwamfutarsa, idan an ɗauke shi ya karɓi zubi mai ɗauke da tambari a kan allo domin a gane mai shi idan hoto ya fita. Lura da abin da aka nema da farko. Bayanin kwamfuta aka nema, ba shaidar ƙwarewa a tuƙi ba.

Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya taɓa rubuta manhaja. Mai haɗa jirgi yana da kwamfuta ɗaya ko biyu, masu saye kuwa kowa da irin tasa. Wani katin hotonsa Nvidia ne, wani AMD. Wani yana kan DirectX 11, wani 12. Wani da gilashin VR yake tashi. Wani a Steam ya sayi simuletar, wani a Microsoft Store, kuma foldar Community, inda ake zuba jiragen ƙari, ba wuri ɗaya take ba a wurin su biyun. Wani totur ɗinsa Thrustmaster TCA ne mai ramukan tsayawa irin na Airbus, wani Honeycomb Bravo, wani kuma ɗan maɓallin zamiya ne kawai a gindin sandar tuƙi. Sai ƙananan abubuwan da ba a tunawa da su sai sun yi cizo. Windows ɗin da aka saita da Jamusanci ko Faransanci yana raba lamba da waƙafi maimakon ɗigo, sai manhajar da ba ta yi shirin haka ba ta karanta nauyin mai a karkace. Sunan mai kwamfuta da ke ɗauke da harafi irin ü ko é yana iya sa jirgi ya kasa gano fayil ɗinsa. Saboda haka mai tsohuwar kwamfuta kan shiga gaban mai sabuwa dal idan gurbin da ya rage na irin tasa ne. Wanda ya ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi a takardar neman shiga don ya burge, kansa ya cuta.

Sai matuƙan gaske da injiniyoyi, waɗanda yawanci ba nema suke yi ba, gayyato su ake yi. Matuƙin da ke da lasisin A320 shi zai gaya maka ko hancin jirgin ya yi nauyi lokacin ɗagawa, ko saƙon da ya fito a allo ya zo a kan lokacinsa. Sai dai iliminsa yana da iyaka ta wani ɓangare: mutum na iya shekara goma yana tuƙi bai ga famfon haidurolik ya mutu a sama ba. Injiniyan da ke kwance jirgi a rumfar gyara shi ya san wace waya ke ciyar da wane allo. Kuma A320 ba iri ɗaya ba ne a kowane kamfanin sufuri. Kwamfutar tsara hanya ma kamfanoni biyu ke yin ta, Honeywell da Thales, kowace da zubinta daban-daban, ga zaɓuɓɓukan da kowane mai saye ke ƙarawa. Matuƙa biyu za su iya musu a kan shafi ɗaya na MCDU, kuma kowannensu yana da gaskiya a kan jirgin da ya sani. Shi ya sa ƙungiyar da ta san abin da take yi ba ta karɓar "haka yake a jirgin gaske" sai da hujja: shafin FCOM, wato littafin aikin matuƙan jirgin, ko hoto, ko bidiyo, tare da bayanin wane samfuri ne.

Rukunin da ya fi yawa, kuma wanda mai karanta wannan zai iya shiga, shi ne na masu haƙurin maimaici. A nan ana duba abubuwa uku da suka haɗe da juna: yadda mutum ke rubuta rahoto, yawan lokacin da yake da shi, da halinsa. Gab da fitar jirgi sabon zubi na iya zuwa sau da yawa a mako, kowanne yana son a sake tashi a sauka. Wanda ya karɓi jirgi ya yi gum, ba ya wuce zagaye ɗaya. Wanda aka ce masa abin da ya kawo ba matsala ba ne, haka jirgin yake, ya ɗauki zafi, shi ma ba ya daɗewa. Wasu ƙungiyoyin kan saka sabon shiga ɗaya ko biyu da gangan, domin shi kaɗai zai nuna inda littafin jagora ya yi tsalle, ko inda girkawa ke rikita mutum.

Raunin rufaffen gwaji yana nan tattare da ƙarfinsa. Mutum ashirin ko hamsin da suka yi watanni da jirgi sukan saba da aibinsa har su daina ganinsa, su koyi kauce masa ba tare da sun sani ba. Ranar da aka saki jirgin ga dubban mutane, a cikin awanni kaɗan sai a haɗu da abin da ba wanda ya taɓa gwadawa. Wannan ba alamar ragwancin masu gwaji ba ne, lissafi ne kawai.

Yadda FlyByWire ke yi

A nan ƙofar a buɗe take, amma tana da matakala. Duk wanda ya rubuta gyara ko ƙari yana buɗe buƙatar shigar da shi a GitHub, a ba ta lamba. A cikinta zai bayyana abin da ya canza, ya kawo hujjarsa daga jirgin gaske, ya rubuta yadda za a gwada. Wasu marubuta manhaja su duba rubutun. Na'ura kuma ta gina cikakken jirgi mai ɗauke da wannan gyara kaɗai, wanda mai gwaji zai sauke ya zuba a foldar Community. Sai masu tabbatar da inganci sun gwada sun amince kafin gyaran ya shiga Development. Su kansu hawa biyu ne, mai koyon aiki da cikakken mai gwaji. Gwajin ma hawa biyu ne: na farko shi ne wanda ake iya kammalawa ba tare da cikakkiyar tafiya ba, kamar gyaran fitila ko wani shafi, na biyu kuma sai an tashi an sauka. Rahoton yana da tsari tsayayye: lambar abin da aka gwada, hawan gwajin, kwanan wata, matakan da aka bi, abin da bai yi daidai ba, da hukunci, ya wuce ko bai wuce ba.

Wannan shi ne abin da ya fi kyau a duk harkar A32NX, har ya fi jirgin kansa. Rahotannin suna nan a fili kowa na iya karantawa. Mai son koyon gwaji zai iya zama ya bi ɗari daga cikinsu, ya ga wanne ne ya sa aka gano matsala cikin kwana ɗaya, wanne ne kuma ya jawo tambayoyi goma kafin a fahimci abin da mai shi ke nufi. Zaɓe a nan aikin mutum ne ke yi masa. Ba a buƙatar ya ce shi mai lura ne, tarihinsa zai faɗa.

Bayan wannan matakala akwai gwaji na biyu wanda ba a kiransa da sunan: duk wanda ya girka Development ya zama mai gwaji, ko ya sani ko bai sani ba. Yawan jama'ar nan shi ke kama abin da 'yan ƙalilan ba za su kama ba. Shi ne kuma ke kawo ambaliyar rahotannin da ba su da tushe.

Kafin ka ce jirgi ne ya lalace

Mafi yawan abin da ake kawowa a matsayin matsalar jirgi daga kwamfutar mai kawowa yake. Mataki na farko shi ne a kwashe komai daga foldar Community a bar A32NX shi kaɗai. Idan ba ka san inda foldar take ba, buɗe fayil ɗin UserCfg.opt, layin InstalledPackagesPath zai nuna maka. Fentin jirgi da aka yi domin A320neo na Asobo, ko wani tsohon ƙari da ke taɓa fayilolin allo, ya isa ya sa alluna su yi baƙi ƙirin. Idan matsalar ta ɓace bayan kwashewa, sai a riƙa mayar da kayan rabi-rabi har a kama mai laifin. Ƙari sittin da huɗu, ta wannan hanya, lodi shida ya isa. Kuma lodin farko bayan girka sabon zubi yakan ɗauki lokaci, saboda simuletar tana sarrafa wasu sassan manhajar jirgin da ake kira WASM. Wannan jinkiri ba daskarewa ba ne.

Na biyu, totur. A Airbus hannun totur yana da wuraren tsayawa: IDLE, CL, FLX/MCT, TOGA, da na juya ƙarfin inji baya. Dole a saita su a flyPad ɗaya bayan ɗaya. Idan wurin CL ya kauce ko da kaɗan ne, saƙon LVR CLB, mai neman a mayar da hannun totur kan CL, zai yi ta walƙiya bayan tashi, tsarin da ke riƙe gudu ba zai karɓi aiki yadda ya kamata ba, mutum ya rantse otofailot ya lalace. Na uku, taimakon tuƙi na simuletar: taimakon tashi, na sauka, na juya wutsiya, na hana jirgi faɗuwa, duk a kashe su, domin kokawa suke yi da kwamfutocin jirgin. Saitin yadda jirgi ke tafiya a iska, wato Flight Model, kuma ya kasance a kan Modern. Na huɗu, saurin hoto. Otofailot ɗin A32NX yana buƙatar aƙalla hoto 17 a sakan ɗaya ba tare da yankewa ba. Ƙasa da haka lissafinsa na zuwa a makare, jirgi ya fara lilo sama da ƙasa. Wanda ke ninka saurin lokaci don ya gajarta tafiya yana rage wannan rabo da hannunsa.

Na biyar ya fi sauran ɓoyuwa. Bayanan hanyoyin sama suna canzawa duk kwana 28, abin da ake kira zagayen AIRAC. Idan SimBrief yana kan wani zagaye, simuletar tana kan wani, za ka shigar da sunan wata mahaɗa, wato wuri mai suna a kan hanyar sama, MCDU ya amsa da NOT IN DATABASE, ko hanyar sauka ta zo da wani fasali daban. Mai amfani da SimBrief kyauta tsohon zagaye yake samu, mai rajistar Navigraph, kamfanin da ke sayar da bayanan hanyoyin, kuma sabo. Rahoton hanya da bai faɗi zagayen da ke kowane ɓangare ba, rabin rahoto ne. Kada kuma a haɗa gwaji biyu lokaci guda: wanda ya shiga gwajin sabuntawar simuletar kanta, sannan ya ɗora Development a kai, idan abu ya karye ba wanda zai iya cewa daga wane ɓangare ne.

Sai sanin jirgin kansa, domin Airbus yana da ɗabi'un da ke kama da lalacewa. A gwada wannan: sararin sama garau, zafi da matsin iska na ma'auni, wato digiri 15 da hPa 1013 a matakin teku, nauyi tan 65, tsayi ƙafa 15,000, gudu 280 a ma'aunin not na jiragen sama, otofailot a kashe. Tura sandar tuƙi gefe har ƙarshe. Jirgin zai karkata ya tsaya a digiri 67, ba zai wuce ba. Saki sandar, zai dawo digiri 33 da kansa ya tsaya nan. Karkatar da ba ta kai 33 ba kuwa, inda ka bar shi nan zai zauna. Ja sandar baya har ƙarshe, hanci ba zai haura digiri 30 ba, kuma yayin da gudu ke zubewa kariyar kusurwar fiffike za ta shigo, saƙon A.FLOOR ya bayyana a allo, injina su tafi cikakken ƙarfi ko ina hannun totur yake. Bayan an fita daga haɗarin sai ka ga TOGA LK, ƙarfin ya maƙale a sama. Nan ne sababbi ke rugawa su rubuta cewa totur ya daina aiki. Bai daina ba. Sai an cire tsarin riƙe gudu da maɓallin da ke gefen hannun totur kafin ƙarfi ya dawo hannunka. Mai gwajin kirki aikinsa shi ne ya duba ko lambobin nan sun zo daidai, 67 ne ko 64, 33 ne ko 30, ya rubuta.

Haka batun ƙarar nan mai kama da haushin kare da ake ji a ƙasa. A320 yana da layukan haidurolik uku, kore da shuɗi da rawaya, kowanne a kan psi 3000. Inji na ɗaya ke tura kore, na biyu ke tura rawaya, shuɗi kuma famfon lantarki. Tsakanin kore da rawaya akwai na'urar PTU mai tura ƙarfi daga wani layi zuwa ɗayan, wadda ke tashi idan bambancin matsi ya haura psi 500, tana kuma gwada kanta lokacin tada inji na biyu a jeri. Jin ta a wannan lokaci daidai ne. Rashin jin ta shi ne abin rubutawa. Haka ma saƙon F-PLN DISCONTINUITY da ke biyo bayan layin MANUAL a hanyar sauka a MCDU: jirgin yana jiran umarnin mai kula da zirga-zirga ne, ba hanya ce ta tsinke ba.

Bambancin rahoto da ƙorafi yana fitowa idan aka ajiye su gefe da gefe. Wani zai rubuta: "Jirgin ba ya sauka daidai, a gyara." Babu abin da za a yi da wannan. Wani kuma, a ce matsala ɗaya suka gani, zai kawo lambar zubin da ya girka da na simuletar, ya ce Steam ce ko Store, Community babu komai sai jirgin, ya faɗi filin tashi da na sauka, titin jirgi, hanyar shigowa, zagayen AIRAC, nauyi, tsayin tafiya, lambar tsadar tafiya da ya saka a shafin INIT, da iskar da ya saita da hannu maimakon yanayin kai-tsaye. Sannan matakai a jere: a nan na fara gangarowa, a mahaɗa kaza doka ta ce ƙafa 9,000 ko ƙasa, jirgi ya wuce ta a 10,200. Ya faɗi abin da ya zata da abin da ya faru, ya ce ya maimaita sau uku ya faru sau uku, ya kuma gwada a zubin da ya gabata bai faru ba. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce zinariya, domin ta taƙaita bincike zuwa gyare-gyaren da suka shiga tsakanin zubi biyu. Yanayin kai-tsaye kuwa makiyin maimaici ne, iskar yau ba ita ce ta gobe ba. Matsala ɗaya, rahoto ɗaya, kuma a bincika ko wani ya riga ya kawo ta.

Inda tsarin ke yoyo

Masu gwajin FlyByWire 'yan sa-kai ne, kuma ɗan sa-kai abin da ke masa daɗi yake gwadawa. Sabon shafi mai ƙyalli yakan samu masu rububi, gyaran da ke buƙatar tafiyar awa uku don a duba lissafin mai yakan zauna yana jira. Babu ranar fitarwa da ke tilasta kowa. Wuraren da matsaloli ke ɓuya su ne waɗanda mutane ba sa zuwa don nishaɗi: tsallaka layin digiri 180 a tekun Pasifik, inda lissafin gabas da yamma ke juyewa, ko tashi daga El Alto na La Paz da ke sama da ƙafa 13,000, inda tsarin matsin iskar cikin jirgi ke fuskantar abin da bai saba ba, ko fasa sauka sau biyu a jere sannan a karkata zuwa wani fili. Kamfanin da ke biyan ma'aikata yana iya raba irin waɗannan a matsayin aiki na dole. A nan sai an dace da mai son wahala. Wanda ke neman a san da shi, ga gurbi nan a buɗe.

Development kuma sunansa ya faɗi gaskiya. Yawancin kwanaki lafiya lau yake, kuma shi ke samun gyara da wuri idan sabuntawar simuletar ta karya wani abu, yayin da Stable kan yi jinkiri. Amma gyaran da ya wuce gwaji shi kaɗai yana iya karo da wani gyaran da shi ma ya wuce shi kaɗai, domin ba a gwada su tare ba sai bayan sun haɗu. Wanda zai yi doguwar tafiya a VATSIM, inda mutane na gaske ke ba da umarni, kada ya sabunta jirgi minti goma kafin tashi. Ya sabunta, ya yi gajeren zagaye shi kaɗai, sannan ya shiga. Ta fuskar zurfin lalacewar da ake iya kunnawa da kyan ɗakin matuƙi, masu son A320 da yawa na fifita na Fenix, wanda aka gina a kan manhajar ProSim. Ta fuskar koyon yadda ake gwada jirgi kuwa, A32NX ba shi da na biyu, domin a can sakamakon gwaji kawai kake gani, a nan kuwa aikin kansa.

Ga wanda burinsa shi ne rufaffen gwajin wani kamfani, hanyar ta nan take bi. Ya yi watanni a kan Development, ya tara rahotanni masu lamba da za a iya buɗewa a karanta. Idan kamfani ya buɗe neman masu gwaji, ya rubuta gaskiyar kwamfutarsa dalla-dalla, furosesa, RAM, katin hoto, kayan tuƙi, ya faɗi awannin da zai iya bayarwa a mako ba tare da ƙari ba, ya ambaci ɓangare ɗaya da ya ƙware a kai, lantarki ne ko tsara hanya ko sauti, ya haɗa da rahotonsa biyu ko uku mafi kyau. Kada ya aika saƙon roƙo ga masu haɗa jirgin ɗaya bayan ɗaya, kada kuma ya fara da tambayar ko za a bar masa jirgin kyauta bayan an gama. Wasu kamfanonin na bari, amma mai tace takardu yana gane wanda jirgin ya kawo shi da wanda aikin ya kawo shi. Ya karanta yarjejeniyar sirri kafin ya sa hannu, domin takan hana har faɗin cewa yana cikin gwajin.

Akwai aiki ɗaya da kusan kowa ke mantawa, masu zaɓe kuma suna lura da shi. Idan aka ce an gyara matsalar da ka kawo, ka sauke sabon zubin, ka koma filin nan, nauyin nan, iskar nan, ka bi matakanka na farko ɗaya bayan ɗaya ba tare da canza ko ɗaya ba. Sannan ka gwada abin da ke maƙwabtaka da gyaran: idan dokar tsayi aka taɓa, duba dokar gudu a mahaɗa ɗaya, duba kuma ko wurin fara gangarowa ya matsa. Ka koma ƙarƙashin rahotonka ka rubuta lambar zubin da sakamakon, ko da layi biyu ne.